Fassarar Malam Ilu

A gidanmu da ke Gumel akwai wani kaset na bidiyo da ya girmi ƙanena Ziyad da wata uku. Babanmu, Malam Ilu, malamin dabbobi ne. Duk ranar Alhamis yana kasuwar Maigatari yana duba shanu da raƙuma, kuma a can ya samo kaset ɗin a hannun wani mutumin Damagaram. Fim ne na Turawa, tsoho, baƙi da fari, da Faransanci ake magana a cikinsa tun daga farko har ƙarshe. Takardar jikin kwalin ta daɗe da yagewa, don haka ba wanda ya san sunansa na gaskiya. Mu dai Mai Agogo muke ce masa.

Labarin ba shi da wuya. Wata gimbiya ce a wata ƙasa mai sanyi, babban agogon fadarsu ya tsaya, aka kira mai gyara. Ya zo da tsaninsa da wata karkatacciyar hula, ya gyara, ya tafi. Gimbiya ta ga mutum ya kwanta mata a rai, sai ta riƙa lallaɓawa tana cusa cokali a cikin agogon don a sake kiran sa. Akwai wani waziri mai gashin baki da ke son hana ruwa gudu, har sau biyu yana faɗawa cikin kwatamin ruwa na fada. A ƙarshe dai aka yi biki. Wannan duk ido yana gani, ba sai an faɗa wa mutum ba. Abin da ake faɗa a baki kuwa, wannan aikin Baba ne.

Ranar Asabar bayan la'asar, in an kawo wuta, Baba zai zauna a kujerarsa ya gyara murya. Mu yara muna gaba, matan maƙwabta suna bakin ƙofa. Innarmu, Kyauta, tana can gefe a kan tabarma da tire a cinya, tana tsintar shinkafa ko gyaran zogale, kamar wadda abin bai dama ba. Da zarar Bature ya buɗe baki sai Baba ya ce, "Ya ce mata," ya kawo magana. In gimbiya ta amsa ya ce, "Ta ce masa." Ba ya gargada, ba ya tsayawa neman kalma. Abokansa na wurin aiki Mushe suke kiran sa, domin in ya haɗu da jandarman Nijar a bakin iyaka yakan ɗaga hannu ya ce bonjur mushe, wato sannu malam, su ma su amsa. Duk unguwarmu an san Malam Ilu yana jin Faransanci.

A waje da wannan kujera kuwa, Baba ba mai magana ba ne. Ban taɓa jin ya kira sunan Inna ba. "Ke" ne, ko "mutanen gidan nan". Ita ma Malam take ce masa, shi ma sai ta kama dole. In sun yi saɓani ba a jin hayaniya, sai dai ka ga an ajiye kwano da ɗan ƙarfi, gidan ya yi tsit kwana biyu. Haka muka taso muka gan su, kuma haka iyayen ƙawayena suke, ba abin da ya ba ni mamaki.

Ni ce 'yar fari, sunana Sharifa, kuma saboda Baba na zaɓi Faransanci da na shiga kwalejin horon malamai. So nake in gaje shi. A shekarata ta biyu na zo gida wata Asabar aka sa Mai Agogo, na zauna ina murna yau zan ji da kunnena. Aka zo wurin da mai gyara yake saman tsani, gimbiya tana ƙasa. Na ji shi sarai yana cewa ta riƙe masa tsanin, in ba haka ba a kanta zai faɗo. Baba ya gyara zama ya ce, "Ya ce mata, ranki ya daɗe, tun da nake zuwa gidan nan ban taɓa cin abinci mai daɗin na jiya ba."

Na ɗauka kuskure ne. Na kasa kunne har ƙarshen fim, ko jimla ɗaya ba ta yi daidai ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Na ji kamar an yi shekara da shekaru ana ba ni ruwa ana ce mini nono ne. Da aka tashi, Baba ya dube ni na dube shi, ya sha jinin jikinsa, ya ɗauki butarsa ya fita. Bai ce mini komai ba, ni ma ban ce ba, kuma ban faɗa wa kowa ba. Ni a lokacin ƙarya kawai na gani, irin ta mutum mai son a ce ya iya. Fushin ya huce daga baya, amma na daina zama in an sa kaset ɗin. Shekara goma sha huɗu ina riƙe da wannan magana, ina koyar da Faransanci a makarantar 'yan mata, iyayen yara suna ce mini ai gado na yi.

Bidiyon ya mutu shekara biyar da suka wuce, bayan ya tauna rabin zaren kaset ɗin. Mai gyaran bidiyo ya ce kayan irinsa sun ƙare a duniya. Bayan shekara uku kuma Baba ya faɗi a bakin masallaci, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Hankalinsa ƙalau, yana jin komai, yana gane kowa. Magana ce dai ba ta fita, sai wani sauti da Inna kaɗai take iya rarrabewa.

Ana nan sai Ziyad ya kira ni wata Laraba da rana, ina ofishin malamai. Yana aiki a sakatariyar Sule Tankarkar, an tura shi Kano wani kwas na mako guda. Muryarsa har rawa take don murna.

"Yaya Sharifa, albishirinki! Na samo Mai Agogo!"

Wai yana wucewa ta wani shago ya hango hoton gimbiya da tsani a jikin faifai. An wanke fim ɗin, an sake fito da shi don kallo a gida, hoto tar kamar jiya aka ɗauka. Kuma an cire Faransancin an ɗora masa muryar Hausa, ga rubutun Turanci yana bi ta ƙasa.

Na ce, "Babu na Faransancin?"

"Me za a yi da shi? Tunda Baba ba ya iya fassarawa yanzu, ai ga waɗanda suka hutar da shi. Ranar Asabar zan kawo, kada ki faɗa masa."

Na ce likita ya hana Baba hayaniya. Ya ce wane likita. Na ce talabijin ɗin gidan ba ya ɗaukar faifai. Ya ce ya ari na'urar abokinsa. Ziyad yaro ne mai kirki, amma in ya ƙulla abin alheri a ransa ko tirela ba ta janye shi. Na kashe wayar na yi tsaki, har malamar lissafi ta ɗago kai.

Abin da nake tsoro ɗaya ne. Mutumin nan yana zaune a kujera, ba ya iya ɗaga hannun dama, ba ya iya kare kansa da kalma ɗaya. Ƙafa ta tafi, aiki ya tafi, kasuwar Maigatari ta tafi. Abin da ya rage masa shi ne in baƙi sun zo dubiya su ce, Allah sarki Mushe, bakin da ke juya Faransanci. Yanzu kuma ɗansa zai zo da hannunsa ya tone shi a gaban matarsa, wadda ta yi shekara talatin tana sauraron sa.

Ranar Asabar na hau adaidaita tun azahar. Ina shiga gida na ji muryar da ta ƙara dagula mini lissafi. Gwaggo Rabi ce, ƙanwar Baba, ta zo daga Gagarawa Tasha dubiya. Gwaggo ba muguwa ba ce, amma bakinta ba shi da birki, kuma abin da ta ji da rana kafin magariba ya kai Ɗanzomo.

Na tare Ziyad a zaure yana warware wayoyi. Faifan yana aljihun gaban rigarsa, ina hango gefensa. Wallahi sai da na yi tunanin fizge shi in taka.

Na ce, "Tsaya ka ji. Baba ba ya jin Faransanci. Bai taɓa ji ba. Duk abin da yake faɗa mana daga kansa yake fitowa."

Ya dube ni, ya kwashe da dariya. "Haba Yaya. Don dai ya fi ki ba tare da ya shiga aji ba?"

"Ziyad, da gaske nake."

"To in an sa ai za mu gani," in ji shi, ya wuce ciki da wayoyinsa.

Bayan la'asar aka gyara wa Baba zama a kujerarsa, aka sa masa matashi a ɓarin da ya mutu. Inna ta ɗauko tirenta ta zauna a gefe. Da kiɗan farko ya tashi, aka nuno fadar da agogon, idon Baba ya yi haske, gefen bakinsa mai motsi ya ɗaga. Ya dubi Ziyad ya gyaɗa kai. Rabon da in ga wannan fuskar tun kafin ya faɗi.

Sai waziri ya buɗe baki, muryar wani saurayin Kano ta fito daga cikinsa. Na ga hannun hagun Baba ya damƙe hannun kujera.

Minti goma na farko ba wanda ya lura, ana ta dariyar jin Turawa suna cewa wallahi da don Allah. Gwaggo har tana tafa hannu. Ni ina zaune a bakin ƙofa ina lissafin saura nawa a zo wurin tsanin, don shi ne wurin da kowa ya haddace. Aka zo. Mai gyara ya leƙo daga sama ya ce, "Ranki ya daɗe, riƙe mini tsanin nan, in na faɗo a kanki zan sauka."

Gwaggo ta ce, "A'a! Ba a nan ne yake ce mata ta yi haƙuri da danginsa ba, baƙo ba ya dawwama?"

Ziyad ya ce, "A'a Gwaggo, a nan cewa yake ya ga sabon zanenta, ya yi mata kyau."

"Kai tafi can! Ni da na yi wata biyu a gidan nan, sau nawa na gani?"

"To masu fassarar nan ne ba su iya ba," in ji Ziyad. Ya matsa kusa da talabijin ya mayar da wurin baya, yana karanta rubutun Turancin da ke ƙasa don ya kama su da kuskure. Na ga leɓensa yana motsi. Ya karanta layi ɗaya, ya karanta na biyu, na uku. Daga nan ya juyo ya dube ni, ya yi tsuru-tsuru. Na kawar da kai, don in na dube shi zan iya faɗa masa maganar da ba ta dace a gaban manya ba.

Gwaggo ba ta karatun boko, amma tana karanta fuska. Ta dubi Ziyad, ta dube ni, ta dubi yayanta, sai ta riƙe haɓa.

"La ilaha illallahu! Yaya Ilu! Ashe shekara talatin shirga mu kake yi? Mushe! Ashe bonjur ɗin ce kaɗai jarin?" Ta fashe da dariya har da dukan cinya.

Da wasa ta faɗa, na sani. Da yana da lafiya da ya rama, ko ya ɗauki buta ya fita. Yanzu ba ko ɗaya. Ya buɗe baki yana son magana, sautin nan ya fito, ya sake gwadawa, yawu ya zubo ta gefen da ya mutu ya sauka a kan rigarsa. Ya runtse ido. Na ji tausayinsa har cikin ƙashina, na kuma ji haushin kaina da ban taka faifan nan a zaure ba. A talabijin kuwa saurayin Kano yana ta zuba.

Inna ta ajiye tirenta a hankali. Ta tashi ta goge wa Baba baki da gefen mayafinta, ta goge rigar, ta koma ta zauna.

Ta ce, "Ziyad, kashe muryar nan. Bar hoton."

Ya danna, ɗakin ya yi tsit.

"Rabi, wa aka shirga?"

Gwaggo ta ce, "Mu mana, har da ke."

"Ke dai. Mutumin da duk abokan cinikinsa na Nijar da Hausa suke masa magana, a ina zai samo Faransanci, a bakin raƙumi? Asabar ɗin da ta biyo sunan yaron nan, mai agogo cewa ya yi sannu da ƙoƙari, Allah ya raya. Gimbiyar haihuwa ta yi? Lokacin da mahaifiyata ta rasu, a saman tsanin nan ya ce in ta ga dama ta je gida ta yi wata guda, zai kula da yara. Gimbiyar yara gare ta?" Ta ɗauki tirenta ta mayar cinya. "Da ni yake magana. Ku albarkacina kuka ci kuka sha kallo."

Gwaggo tana can tana lissafi, na ga lokacin da maganar haƙuri da dangi ta isa inda za ta isa, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. Ni kuwa kunya ce ta rufe ni. Na yi shekara uku a kwaleji, na yi goma sha ɗaya ina koyarwa, na ji kowace kalma ta Baturen nan, amma ban ji ko ɗaya daga cikin na ubana ba. Matar da ba ta taɓa shiga aji ba ita ce ta gane tun Asabar ɗin farko.

Baba bai buɗe ido ba tukuna. Asirin da ya fi na Faransanci girma ne aka buɗe yanzu, kuma a gaban 'ya'yansa da ƙanwarsa. Ban san ko sauƙi Inna ta yi masa ba ko ƙarin nauyi.

Ta ce, "Mayar da shi wurin tsanin."

Ziyad ya mayar. Mai gyara yana sama, gimbiya tana ƙasa ta riƙe ƙugu, bakinta yana motsi ba sauti. Inna ba ta dubi Baba ba. Idonta yana kan talabijin, hannunta yana cikin shinkafa, ta yi magana da muryar da take aiken yara sayen magi.

"Ta ce masa, kai mai agogo, ka daina juya fuska bango in na kawo maka kunu da safe. Ta ce ka daina jira sai yara sun zo sannan ka yarda a canza maka riga. Ta ce hannu ɗaya ne ya mutu, kuma ba hannun ta aura ba."

Ban san yana yi mata haka ba. Kullum na zo nakan tarar da shi fes, in ba shi abinci ya karɓa, in koma gidana ina cewa Baba yana samun sauƙi. Ziyad ya sunkuyar da kai, shi ma bai sani ba.

Gimbiya ta ci gaba da motsa baki, tana nuna ƙasa da yatsa. Inna ta bi ta.

"Ta ce shekara talatin kai ke faɗar naka, kai ke faɗar nata, ba ka taɓa tambayar ta ko haka take son cewa ba. Ta ce yawanci ka dace. Amma yau ita za ta faɗa da kanta. Ta ce ba ta gaji ba, in ta gaji za ta faɗa."

Hoton ya koma kan mai gyara. Ya cire karkatacciyar hularsa, bakinsa ya fara motsi. Ya yi ta magana a saman tsani, ba wanda ya fassara.

Gwaggo ta kasa haƙuri, amma a hankali ta tambaya wannan karon. "Shi kuma me ya ce?"

"Nasa ba ni ke faɗa ba," in ji Inna.

Baba ya buɗe ido. Shi ma talabijin yake kallo, ba ita ba. Ya ja numfashi, ya fitar da sauti guda, gajere, sannan wani mai ɗan tsawo. Ni ban gane komai ba. Inna ta tsince wata tsakuwa daga cikin shinkafa ta jefar.

Ta ce, "To. Ta ce ta ji."

Fim ya ci gaba ba murya, waziri ya nufi kwatamin ruwa. Gwaggo ta share ido da bakin zanenta, ta ja majina, sannan halinta ya dawo. Ta juyo gare ni.

"Ke Sharifa, ke da kika yi karatun abin har kike koyar da 'ya'yan mutane. Tsakaninki da Allah, a na Faransancin haka gimbiyar ta ce?"

Na san wurin kamar tafin hannuna. Cewa take takalminsa ya ɓata mata darduma, kuma in ya sauko sai ya wanke ta da hannunsa. Ziyad ya ɗago yana kallo na, rubutun Turancin yana gabansa. Baba ma ya juyo da ido wurina, karon farko da ya dube ni kai tsaye a kan maganar nan tun ina 'yar kwaleji.

Na ce, "Haka ta ce, Gwaggo. Ko harafi ɗaya Inna ba ta rage ba."